Silinda Takwas, Huɗu Na Hutu: Tafiya Cikin Manyan Motocin Texas

A jihar Texas ta Amurka, motar da muke kira a-kori-kura ba ta 'yan dako da 'yan kasuwar ƙauye ba ce. Ita ce motar gida. Da ita ake kai yara makaranta, da ita ake zuwa ofis, da ita ake zuwa coci ran Lahadi ko masallaci ran Juma'a. Ka tsaya a filin ajiye motoci na kowane babban kanti a Dallas ko Fort Worth, za ka gan su jere reras: Ford F-150, Chevrolet Silverado, Ram, GMC Sierra, Toyota Tundra. Hilux ɗin da muke ganin girmanta a gida, in aka ajiye ta a tsakaninsu ƙanwa za ta zama. Bonet ɗin wasu ya kai ƙirjin babban mutum, ƙofa huɗu, wurin zaman mutum biyar a wadace, nauyi ya haura tan biyu tun ba a ɗora komai ba. Bodin baya kuwa, wanda dominsa aka ƙera motar, sau da yawa fayau za ka same shi, ko ƙwarzane babu.

Da yawansu injin silinda takwas gare su, V8 ke nan, mai girman lita biyar zuwa shida da ɗoriya. Duk wanda ya fito daga Najeriya bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da aka janye tallafin mai, ba zai kalli irin wannan inji bai tuna da gidan mai ba. A wajenmu masu V6 ma sun jingine motocinsu sun koma ƙananan. To su waɗannan mutane yaya suke yi?

Wani ɓangare na amsar na gan shi ne a kan hanyar Midland. Mai masaukina, mutumin garinmu ne da ya daɗe a can yana aikin wutar lantarki a wuraren haƙar mai, shi ya ɗauke ni a Silverado ɗinsa mai injin lita 5.3. Daga Dallas muka miƙa yamma a kan babban titin I-20, tafiyar da ta haura kilomita 500, wato ta fi Kano zuwa Abuja. Mun wuce ta Arlington, inda kamfanin General Motors ke harhaɗa Tahoe da Suburban da Escalade, irin waɗanda ake gani a ayarin manyanmu. Bayan Fort Worth gari ya ƙare, fili ya buɗe, titi ya miƙe sambal. Nan ya nuna mini wani ɗan rubutu a allon da ke bayan sitiyari.

"Malam, zuba ido a nan," in ji shi.

An rubuta V8. Ya ɗan sassauta ƙafarsa daga totur, sai rubutun ya koma V4. Na kasa kunne ko zan ji injin ya sauya murya, ban ji komai ba sai wani ɗan gurnani ƙasa-ƙasa wanda in ba an ce maka ka saurara ba, ba za ka lura ba. Da muka zo hawan wata gada ya taɓa totur kaɗan, nan take V8 ta dawo.

Na ce, "Alhaji, wai huɗu mutuwa suke yi muna cikin tafiya?"

Ya ce, "Hutu ake ba su. Da ka nemi ƙarfi za su tashi."

Dalilin wannan dabara yana cikin yadda injin fetur yake numfashi. Fetur ba ya ci da kyau sai an gauraya shi da iska a kan ma'auni, kusan kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na mai in aka auna da nauyi. Saboda haka in ana son rage ƙarfin inji, dole a rage iskar da ke shiga, kuma aikin da totur ke yi ke nan: wani ɗan faifai ne a maƙogwaron inji da ke buɗewa yana rufewa. Injin motar da muke ciki ƙarfin doki 355 gare shi, an yi shi ne don jan tirela a kan tudu. A shimfiɗaɗɗen titi, ba kaya, abin da motar ke buƙata bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Sai faifan ya zauna kusan a rufe, fistan takwas suna ta zuƙar iska ta 'yar kafa, kowanne na ɓarnatar da ƙarfi wajen zuƙar kawai. In aka rufe huɗu, sauran huɗun dole su yi aikin duka, sai maƙogwaron ya ƙara buɗewa, su shaƙi iska son ransu, asarar ta ragu. Kamar mai gona ne da ya ɗebo 'yan ƙwadago takwas alhali aikin na huɗu ne: gara huɗu su yi noma da gaske, huɗu su zauna a inuwa, da a ce duka takwas suna jan ƙafa suna cin tuwo.

Yadda ake rufewar shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa, domin baƙin mai ne ke yin aikin. Tsakanin kamshaf da bawul akwai wani ɗan ƙarfe mai tsawon yatsa, tafet, wanda ke karɓar turi daga ƙasa ya miƙa shi sama bawul ya buɗe. A silindar da ake kashewa, tafet ɗin biyu ne a haɗe, ɗaya cikin ɗaya, wasu 'yan ƙusoshi sun kulle su. Idan ƙwaƙwalwar mota ta ga aikin ya yi sauƙi, sai ta buɗe wa baƙin mai hanya, matsinsa ya tura ƙusoshin ciki, tafet ya riƙa nitsewa cikin kansa maimakon ya tura. Bawul ɗin shiga da na fita su tsaya a rufe, a yanke wa silindar fetur. Fistan bai daina hawa da sauka ba, tunda duk a kan karanshaf ɗaya suke, amma iskar da aka kulle a ciki in ya matse ta yana hawa, ita za ta turo shi yana sauka, kusan ba asara. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. A injinan General Motors na wancan zubi, da na Hemi na Chrysler, silinda ta 1 da ta 4 da ta 6 da ta 7 ne ke hutawa. Honda, da ta sa dabarar a injinanta na V6, har sai da ta haɗa da kujerun inji masu shanye girgiza da wani sauti da lasifikar mota ke fitarwa don ya danne gurnanin.

Bayan Abilene, wajen Sweetwater, inda dogayen fankokin samar da lantarki suka cika sararin sama hagu da dama, iska ta taso tana dukan motar ta gaba. Muna gudun kilomita 120 a sa'a, abin da doka ta yarda da shi a nan. Daga wannan wuri har muka shiga Midland, V4 ba ta ƙara zama ba sai a gangara, ta leƙo ta koma. Mota mai faɗin goshi irin wannan, in tana keta iska da gudu, huɗu ba sa iya mata. A cikin gari kuma, tsakanin wannan danja da waccan, tashi da tsayawa ake yi, nan ma takwas ake so. Wurin da dabarar ke aiki ɗan tsakani ne: titi shimfiɗaɗɗe, gudu matsakaici, ƙafa mai haƙuri.

Ba yau aka fara ba, kuma ba don Allah kamfanoni suka fara ba. A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin wannan shekara. Amurkawa suka ɗanɗani layin mai. A 1975 majalisarsu ta yi dokar da ta tilasta wa kowane kamfani cewa matsakaicin shan man duk motocin da ya sayar kada ya wuce wani ƙa'idajjen adadi, in ya wuce ya biya tara. Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake tayar da farashi. Cadillac, wadda sunanta ya ginu a kan manyan injina, ta fito a 1981 da injin da ta kira V8-6-4, wanda ta yi tare da kamfanin Eaton: yana tafiya da takwas, ko shida, ko huɗu. Tunanin daidai ne, kwamfutar zamanin ce ba ta da saurin da za ta bi ƙafar direba. Motar ta riƙa jinkiri tana fizga, masu ita suka riƙa komawa gareji ana cire wayar a bar ta a takwas, shekara guda aka janye injin daga yawancin motocin kamfanin. Sai da aka yi fiye da shekara ashirin kafin Amurkawa su sake gwadawa da gaske. A motocin 2005 Chrysler ta sa dabarar a injin Hemi mai lita 5.7, General Motors ta sa a wasu jif-jif ɗinta, Honda ta sa a Odyssey. A 2019 General Motors ta zo da sabon salo wanda kowace silinda cikin takwas za ta iya hutawa, ƙwaƙwalwar na zaɓa daga tsari 17. Ford ma ta sa nata a V8 mai lita 5.0 na F-150 a 2021.

A Odessa, garin da ke maƙwabtaka da Midland, mun tsaya garejin wani bakanike, dattijo mai furfura a gashin baki, don a yi wa motar Alhaji juyen mai. A gefe akwai wata babbar a-kori-kura an ɗaga mata bonet, an kwance kan injin, kayan ciki a baje bisa tebur. Da mai masaukina ya gaya masa abin da nake tambaya a kai, sai ya ɗauko tafet biyu ya ɗora mini a tafin hannu. Ɗaya lafiyayye, da ɗan sifirin a kansa, in ka danna sai ka ji ya tsaya ƙyam. Ɗayan ya nitse ya ƙi dawowa, 'yar tayar da ke gindinsa, wadda ya kamata ta yi santsi kamar madubi, ta ci ta yi kaushi. Ya nuna mini kamshaf ɗin da aka zaro, wuri ɗaya ya gwaguye inda tayar ta daina juyawa ta koma gurzawa. Ya ce abin yakan fara ne da ɗan ƙas-ƙas da safe, sai fitilar inji ta kama, sai motar ta fara rawa. Ƙarfen kansa ba shi da tsada. Isa wurinsa ne aiki, tunda sai an ɗaga kan inji, in kuma kamshaf ya taɓu lissafin ya koma dubban daloli.

Na tambaye shi ko laifin dabarar ne. Bai yi saurin amsawa ba. Ya ce ya ga motoci masu wannan tsari da suka yi tafiya mai nisan gaske ba a taɓa buɗe su ba, ya kuma ga waɗanda suka lalace tun suna sababbi. Abin da ya tabbatar kawai shi ne, hanyoyin da baƙin mai ke bi zuwa tafet ɗin ƙanana ne ƙwarai, akwai ma 'yar rariya a kan hanyar, kuma mai in ya tsufa ya yi kauri ko ya yi datti, nan yake fara toshewa.

Shi ya sa kasuwar kashe dabarar take ci. Akwai wata 'yar na'ura da ba ta wuce akwatin ashana ba, ana cusa ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, wanda bakanike ke jona kwamfutarsa, sai injin ya zauna a takwas har abada. Wasu kuma sukan sa a kwance inji a zuba tafet na gargajiya, a sauya kamshaf, a sake wa ƙwaƙwalwar karatu. Ban ga laifin mai tsoro ba. Mutum ya sayi mota ta hannu, garanti ya ƙare, ga labarin maƙwabci a kunnensa. Sai dai na lura da yawansu ba tsoro ne ya kai su ba, amon V8 suke so su ji, su ce sun biya kuɗin takwas ba za a ba su huɗu ba.

Nawa ne ma ake tsimin? Kamfanin da kansa ya ba da amsa ba da niyya ba. A 2021, lokacin ƙarancin 'yan ƙananan sassan kwamfuta da ya addabi masana'antun duniya, General Motors ta fitar da wasu a-kori-kura masu injin 5.3 ba tare da wannan tsari ba, ta kuma sanar cewa bambancin mil ɗaya ne a kowane galan. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, kaɗan babu. Mu ɗauka mota tana yin mil 17 da galan, wato kilomita bakwai da 'yan kai a lita, dabarar ta mayar da ita 18. Wanda ya yi mil 15,000 a shekara zai rage galan 49, kusan lita 185. In galan yana dala uku, kuɗin bai kai dala 150 ba. Gyaran tafet guda ɗaya zai cinye tsimin shekaru masu yawa. Ga kamfani kuwa, da ke sayar da dubban ɗaruruwan irin motar duk shekara kuma hukuma na auna matsakaicinsa, mil ɗaya babban abu ne. Ga iskar da kowa ke shaƙa ma haka, lita 185 sau dubban ɗaruruwa ba wasa ba ne, kuma ba na raina shi. Amma ribar ta watsu a kan kowa, kasadar kuma ta taru a kan mutum ɗaya, wanda galibi shi ne mai saye na biyu ko na uku, mai ƙaramin ƙarfi.

A nan ne nake ganin an bar jaki ana dukan taiki. Mutumin nan mai mil 15,000, da zai hau ƙaramar mota mai yin mil 34 da galan, abin da zai rage ya haura lita 1,600, kusan ninki tara na abin da kashe silinda ke ba shi. Injiniyoyi sun zuba basira mai ban mamaki wajen ceto ɗan kaɗan, alhali babbar ɓarnar tana cikin girman motar da nauyinta da faɗin goshinta. Kuma doka ce da kanta ta raini wannan girma. Tun farko an raba motoci gida biyu, ƙananan motoci da motocin kaya, aka sassauta wa na biyun da hujjar manoma da 'yan kwangila. Harajin da aka sa wa motoci masu zuƙar mai a 1978 bai shafi a-kori-kura da jif ba. Daga motocin 2011 kuma aka koma auna ƙa'idar kowace mota da faɗin filin da ke tsakanin tayoyinta huɗu, mafi faɗi ya fi samun sassauci, ka ga an ba kamfani dalilin ƙara tsawo da faɗi. Ga kuma harajin kashi 25 cikin 100 da Shugaba Lyndon Johnson ya ɗora wa motocin kaya na waje a 1964, don ramuwar harajin da Faransa da Jamus ta Yamma suka sa wa kajin Amurka. Rigimar kaji ta wuce tuntuni, harajin na nan, yana cikin abin da ya sa ba ka ganin Hilux a dilolin Amurka. Mai kuma yana da araha in aka gwada da Turai: harajin gwamnatin tarayya santi 18.4 ne a galan, ba a taɓa shi ba tun 1993.

Ba kowa nake zargi ba. A kan hanyar nan na ga makiyaya suna jan doguwar tirela cike da shanu, na ga masu walda da injinsu da tulunan gas a bodi, na ga ma'aikatan rijiyoyin mai sun fito daga hanyar burji ƙura ta rufe su har gilas. Waɗannan V8 haƙƙinsu ne, kuma su ne ma dabarar ba ta cika yi wa amfani ba, domin mota mai kaya ba ta cika samun sararin hutar da silinda ba. Mai masaukina yana cikinsu, bayan motarsa cike yake da nannaɗen waya da tsani da akwatunan kayan aiki. Da na yi masa maganar shan mai a wani gidan mai a Big Spring, inda tankin ya haɗiye lita kusan tamanin, cewa ya yi, "Malam, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Gaskiyarsa, shi da ita yake ci. Waɗanda ke damuna su ne dubban da ke cikin cunkoson Dallas da safe, mutum ɗaya da kofin shayinsa a cikin tan biyu da rabi na ƙarfe, yaro in ya gifta ta gaban bonet ba a ganinsa.

Wasu kamfanonin sun bi wata hanya. Ford ta kawo V6 mai turbo a F-150 tun 2011, a 2015 ta mayar da bodin na alminiyom don rage nauyi. Toyota, mai ƙera Tundra a San Antonio, ta cire mata V8 gaba ɗaya a 2022. Ram ta cire Hemi a wasu motocinta na 2025, masu saye suka yi ca, ta dawo da shi a na 2026. A watan Yulin 2025 kuma majalisar Amurka ta mayar da tarar saɓa ƙa'idar shan mai sifili, wato sandar da ta kora kamfanoni zuwa ga wannan dabara tun farko an jingine ta.

Abin da ya sa na ga wajibi ne in kawo wannan labari gida shi ne, motocin nan a wajenmu suke ƙarewa. Copart, babban kamfanin gwanjon motocin da suka yi hatsari ko inshora ta sallama, a Dallas hedikwatarsa take, kuma daga irin filayensa ne 'yan Kwatano da yawa ke fara tafiyarsu zuwa tashar Kwatano da ta Legas. Tahoe da Suburban da Escalade ba su da yawa a hannun talaka, amma Honda Odyssey da Pilot da Accord mai V6 sun cika gari, kuma da yawansu suna da wannan tsari. Mai irin motar yakan ga ɗan koren rubutu na ECO yana kamawa yana ɗaukewa a gabansa, bai san wasu silindojinsa na shiga hutu suna fitowa ba. Inji ne da aka ƙera don mai marar kauri, 5W-20 ko 5W-30 ko 0W-20, adadin na rubuce a murfin da ake zuba man. A garejinmu kuwa an saba da 20W-50, da hujjar cewa ƙasarmu da zafi, a wasu wuraren ma man awo ake zubawa daga jarka wanda ba a san asalinsa ba, ga ƙurar hunturu, ga jinkirin juye saboda tsada. Tsohuwar Peugeot 504 ta jure wannan. Tafet mai ƙusoshi, da kafar mai da ba ta wuce bakin allura da yawa ba, ba za su jure ba, kuma in sun lalace bakanike zai iya sauya filogi da kwayil sau uku kafin ya gano inda ciwon yake.

Wanda zai sayi irin wannan mota ya je da sassafe, kafin dillali ya ɗumama ta, ya sa a tayar da injin a gabansa ya saurari ƙas-ƙas. Ya zaro filogin silindojin da ake kashewa ya duba ko sun jiƙe da baƙin mai, ya hau ta a buɗaɗɗen titi ya ji ko tana girgiza sa'ad da take sauyawa. In ya saya, kuɗin man kirki da juye a kan kari ya sa su cikin farashin motar tun ranar farko.